Yadda Ake Buɗin Daji

A Tudun Wada ta Sakkwato ba mai yin buɗin daji. Birnin Shehu ne, kuma tun jihadin 1804 irin wannan buki ya koma ƙauyukan Arna. Amma zauna da tsofaffin manoman unguwar ana zancen shuka, za ka ji sun ce "sai watan bakwai". Wannan lissafin Arna ne, kuma a kansa bukin ya dogara. Mai son gani da ido sai ya bi hanyar Illela, ya ƙetara Birnin Ƙwanni a Nijar, ya ƙarasa Massalata, inda har yau ake yinsa.

Da farko dai daji rufe yake. Tun saukar ruwa ba farautar gayya, ba sa wa ciyawa wuta, har a yi girbi, hatsi ya shiga rumbu. Daga nan dattawa ke soma ƙidayar wata, kuma nan ne gwaninta take.

Shekarar wata kwana 354 ce, ta rana 365. Shi ya sa azumi ke zagayawa, ya faɗo a ɗari, bayan wasu shekaru ya faɗo a bazara. Lissafin noma kuwa ba ya jure wannan zamiya, dole watan bakwai ya zo daidai da ruwan shuka, watan huɗu, na buɗin daji, ya zo a ƙarshen ɗari, wajejen Fabrairu zuwa Maris. Don haka kowace shekara sabuwar ƙidaya ake ɗaukowa, kuma ba a takarda ba. Tsoho zai fito bayan faɗuwar rana ya duba inda taurarin kaza da 'ya'yanta suke: suna tsakar ka, ko sun soma karkata yamma? Zai lura ko hunturu ya fara lafawa, ko ruwan randa ya daina cizon haƙori da asuba. Wata shekarar jinjirin wata kan tsaya a tsaka mai wuya, wani ya ce na uku ne, wani ya ce na huɗu, a yi ta gardama a gindin itace. Gardamar ba ta banza ba ce. In aka yi gaggawa da wata guda, watan bakwai ma zai zo da wuri, talaka ya zuba irinsa kan yayyafin farko, rana ta ƙone shi. Na jinjina wa mutanen da ke riƙe wannan duka a ka, ba kalanda, ba agogo, daga kaka zuwa jika.

In an tsayar da rana, saura aikin mata: a jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa giya. Maharba kuma na gyaran baka da kwari.

Ranar buki babban Arna ke gaba zuwa wurin tsafi. Ana yanka, kuma kowane iska da launin dabbarsa. Doguwa Baƙa ba ta karɓa sai baƙa. Sannan a yi arwa, wato duban abin da shekara ta ƙunsa, a fito a faɗa wa taro: yadda damina za ta kasance, ko akwai fara, ko akwai ciwo a mutane ko a bisashe, da sadakar da za a fitar. Gadon gida ne wannan aiki, ba kowa ke taɓa shi ba. Cikin masu saurare akwai Musulmi da yawa. Malamai na hani, gaibu na Allah ne, amma manomin da bara ta ba shi kashi yakan matso ya kasa kunne.

Da an gama faɗi, daji ya buɗu. Kiɗa ya tashi, samari da karnuka da sanduna su bazama, daga baya a shiga sharar gona. Naman dai ya ragu ƙwarai, gonaki sun cinye dajin. Abin da ake dawowa da shi yanzu bai wuce zomo da zabo da fakara ba.