Kafin Ka Sayi Faifan Ajiya, Leƙa Cikin Kwamfutar

'Yan'uwa ɗalibai, tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, iyaye da makarantu a yankin Dambatta, Bichi da Kunchi ke fafutukar samun ko da tsohuwa ce don yara su saba. Galibi ta hannu ake sayowa daga Kano, sannan a cike mata abin da babu. A nan kuɗi kan salwanta: a sayo faifan ajiyar bayanai, a dawo gida, a tarar bakinsa bai dace da soket ɗin babban allon kwamfutar ba, wanda masu gyara ke kira madabod.

Mafi tsufa shi ne IDE, na 1986. Za ka gane shi da faffaɗar waya kamar ɗamara da tsinke 40. Gudunsa bai wuce megabait 133 a daƙiƙa ba. In kyauta ne karɓa, amma kada ka sa kuɗinka.

SATA ya maye gurbinsa daga 2003. Wayarsa siririya ce mai haƙora 7, ga kuma ta wuta daban mai 15. Samfuri na uku, na 2009, yana ɗaukar kusan megabait 600 a daƙiƙa. To amma SATA hanya ce kawai, gudun ya danganta da abin da ka ɗora a kai. Faifai mai juyawa da ƙyar yake kai 200, tamkar amalanke a titin Kano zuwa Daura. SSD kuwa, da wannan wayar dai, yakan kai 550. Babu abin da ke juyawa a cikinsa, don haka yana jure gargadar hanya a bayan babur, kuma bai cika cin wuta ba. Duk wanda ke lallaɓa batirin sola ya san amfanin wannan.

Sai M.2, wanda ba ya buƙatar waya: ɗan siririn allo ne, yawanci milimita 22 a faɗi, 80 a tsawo, da ake sokawa kai tsaye a madabod. Mai tsarin NVMe kan kai 3,500 ko fiye. Tarkon shi ne M.2 iri biyu ne, na SATA da na NVMe, suna kama da juna, kuma wani soket ɗin ɗaya kaɗai yake karɓa. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ma ba su da gurbinsa sam.

A ganina, mai koyon buga rubutu da gwajin tambayoyin JAMB, SSD mai bakin SATA ya ishe shi; rarar kuɗin a ƙara RAM. Kafin a hau mota zuwa Kano, a cire filogi, a buɗe murfin, a ɗauki hoton soket ɗin da waya, a rubuta lambar madabod. A shagon kuma a sa mai kaya ya jona faifan, a ga ya tashi, sannan a biya.