Bakana yana lanƙwasa gefe ɗaya

Tambaya: Na sassaƙa baka da dargaza, amma in na ja tsirkiya gefe ɗaya ke lanƙwasa. Mai karatu daga Buza.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka jefar da shi. Gefen da ya ƙi lanƙwasa shi ya fi kauri. Kankare shi da wuƙa kaɗan-kaɗan, daga cikin bakan, ɓangaren da ke fuskantarka. Bayansa kuwa kada ka taɓa, can yake tsagewa. Bayan kowace kankara ɗaura tsirkiya, ka ja rabi, ka duba. Itace ɗanye yaudara gare shi, sai ya bushe a inuwa tukuna. In ya daidaita, shafa masa man shanu saboda hunturun yankinku na Adar.