Filajin Ba Maganin Kowane Ciwon Ciki Ba Ne

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari take ci. Mutane sukan zo daga Gumel, Gagarawa, Sule Tankarkar, har daga Nijar. A cikin masu talla akwai masu yawo da faranti cike da ƙwayoyin magani. Mutum ya ce cikinsa na murɗawa, sai a ɓalle masa filajin guda biyu, ya kora da ruwa ya wuce. Wannan hali ya fi yawa da damina, lokacin da ruwan sama yake wanke ƙazanta zuwa cikin rijiyoyi da tafkuna.

Filajin magani ne mai kyau. A jikin kwalinsa akan rubuta Flagyl, ko kuma metronidazole. Amma yana da aikinsa, kuma yana da ƙa'idarsa.

Wane ciwo yake warkarwa?

Akwai wasu ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Sukan shiga ciki ta ruwan sha ko abinci mara tsabta. Ɗaya daga cikinsu ita ce amiba, mai kawo atuni, wato bayan gida mai jini da majina. Filajin yana kashe ta. Amma akwai wani atunin da wata ƙwayar cuta daban take kawowa, kuma filajin ba ya taɓa shi. Da ido ba a iya rarrabe su. Shi ya sa ake kai bayan gida a auna a asibiti, kamar Babban Asibitin Gumel, ko a nemi shawarar malamin asibitin da ke kusa.

Filajin ba ya kashe tsutsar ciki. Ba ya kuma tsayar da zawo mai ruwa-ruwa irin na yara. Yawancin irin wannan zawo yakan tsaya da kansa cikin 'yan kwanaki. Abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jiki. Uwa ta ba yaro rabin filajin, ta koma ta zauna tana jiran sauƙi, alhali ruwan jikinsa yana ta tafiya. Nan haɗarin yake.

Abin da yaro yake bukata shi ne ruwan gishiri da sukari. A zuba ƙunshin ORS ɗaya a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Idan babu ƙunshin, a sa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. A haɗa masa da ƙwayar zinc har kwana 10 zuwa 14. Kada a daina ba shi nono da abinci. Tun shekarar 2022 an sa rigakafin zawon yara, mai suna rota, cikin rigakafin da ake yi wa jarirai a Nijeriya. A kai su a ɗiga musu.

Idan kuwa amai da gudawa ne, bayan gida kamar ruwan shinkafa, to a garzaya asibiti ana ba mara lafiya ruwan gishiri da sukari a hanya. A shekarar 2021 wannan annoba ta kwalara ta yi ɓarna ƙwarai a Jihar Jigawa. Filajin ba maganinta ba ne.

Idan an rubuta wa mutum filajin

Ƙwayar iri biyu aka fi samu: mai lamba 200 da mai lamba 400. Ba ƙarfinsu ɗaya ba. Malamin asibiti ne zai faɗi wacce za a sha, da guda nawa. Galibi sau uku ake sha a rana, safe da rana da dare, na kwana 5 zuwa 10. A sha bayan an ci abinci, da ruwa kofi guda. Na yara kuwa da nauyin jikinsu ake auna shi, ba da ka ba.

Babban kuskure shi ne dainawa da an ji sauƙi. Bayan kwana biyu ciki yakan lafa, sai magidanci ya ɗaure ragowar a leda, ya ce na wata rana ne, ko ya miƙa wa maƙwabci. Ƙwayoyin cutar ba su gama mutuwa ba. Ciwon zai iya dawowa. Shan irin waɗannan magunguna barkatai kuma shi ke sa cututtuka su daina jin magani. A shanye duka yadda aka rubuta. Wanda ya manta lokaci ɗaya, ya sha da ya tuna. In lokacin na gaba ya matso, ya bar wanda ya wuce. Kada ya ninka.

Mai shan filajin yakan ji baki kamar ya tsotsi ƙarfe. Wani yakan ji tashin zuciya, wani fitsarinsa ya yi duhu. Waɗannan ba abin tsoro ba ne. Amma idan jiki ya yi ƙuraje, ko fuska ta kumbura, ko hannu da ƙafa suka fara mutuwa, a dakata a koma asibiti ranar nan.

Filajin ba ya shiri da barasa ko kaɗan. Wani zai ce wannan bai shafe shi ba. To, wasu jiƙe-jiƙen kwalba da ake sayarwa a tasha da barasa ake haɗa su. A guje su har kwana biyu bayan an gama magani.

Mai juna biyu, musamman a wata ukun farko, da mai shayarwa, da mai ciwon hanta ko farfaɗiya, su faɗa tun kafin a rubuta musu. Mai azumi ma ya faɗa, don a duba yadda zai sha.

A sayi magani a asibiti ko kemis mai rajista. A duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kwali. A nemi haruffa uku, EXP. Lambobin da ke gabansu su ne wata da shekarar da maganin zai lalace. Wanda bai kai ga karanta su ba tukuna, ya nuna wa malamin ajinsu.