Yadda Ake Zaɓar Faifan da Ya Dace Wajen Ɗora Windows

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, masu laftof da dama ke komawa Windows 11, ciki har da ɗaliban reshen Kano Poly da ke Rano da masu shagunan buga takardu na Rano da Kibiya. Sai dai akwai wurin da ake yawan tafka asara, wato lokacin da kwamfuta ta tambayi faifan da za a ɗora manhajar a kai.

Laftof da yawa na ɗauke da faifai biyu: SSD mai sauri, da HDD inda ake tara hotuna da takardu. A kan SSD ya kamata Windows ta zauna. Wanda ya goge HDD bisa kuskure, aikin shekaru ne ya tafi, kuma ko an kai Farm Centre a Kano ba lallai a dawo da shi ba.

Matakan da za a bi:

1. A kwashe muhimman fayiloli zuwa wani waje, a kuma cika batir saboda ɗaukewar wuta.

2. A shirya filash mai aƙalla 8GB da manhajar Rufus, a zaɓi tsarin GPT, domin Windows 11 da UEFI take aiki.

3. Da an kunna kwamfuta, a danna F9 a HP, ko F12 a Dell da yawancin Lenovo, sannan a zaɓi filash ɗin.

4. Kada a dogara da lambar faifai, domin na 0 ba kullum ne SSD ba. Girma za a duba: mai 256GB yana nuna kusan 238GB, mai 500GB kuma 465GB, mai 1TB 931GB.

5. In da hali, a cire HDD kafin a fara. Idan an bar shi, Windows kan iya ajiye fayilolin tashi a kansa, duk ranar da ya lalace kwamfutar ta ƙi tashi alhali SSD lafiyarsa ƙalau.

Bayan an gama, a zare filash, a mayar da HDD, a shiga saitin BIOS a sa Windows Boot Manager a sahun farko. Rigakafi dai ya fi magani.