Yadda Alƙali Ke Karanta Takardar Yarjejeniya

Jama'a, da wuya a yi shari'ar ciniki ko haya ko jingina ba a ji wani ya ce, "Ai ba haka muka yi da shi ba." To, ku sani, muddin an rubuta an sa hannu, rubutun nan kotu za ta fara dubawa. Alƙali zai karanta takardar dukanta, ya ba kowace kalma ma'anar da kowa ya san ta da ita. Ba ya ƙulla wa mutane sabon ciniki, ko da ya ga an ƙwari wani.

Sashe na 128 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya hana a kawo maganar baka don a sauya abin da aka rubuta, ko a ƙara, ko a rage, sai fa in akwai zamba, ko tilas, ko kuskure da makamantansu. A shari'ar Bankin Union da Ozigi a 1994, mai cin bashin ya ce a kan ruwa kashi 11 cikin ɗari suka shirya. Kotun Ƙoli ta ce takardar jinginar da ya sa wa hannu ita ce abin bi, ita kuwa ta bai wa banki ikon sauya ruwan.

Inda gizo ke saƙa shi ne kalma mai harshen damo. A ce ɗan kasuwa a Dawanau ya ba manomi kafin alƙalami, aka rubuta "buhu hamsin na masara bayan girbi". Buhu mai tiya nawa? Bayan girbi yaushe, da kaka ko sai farashi ya tashi? Nan alƙali zai nemi al'adar kasuwar da yadda su biyun suka saba hulɗa. A kotun shari'ar Musulunci ma al'ada hujja ce, in ba ta saɓa wa nassi ba. Idan duhun bai yaye ba, akan fassara maganar yadda ba za ta yi wa wanda ya tsara takardar daɗi ba, don shi ya riƙe alƙalami. Wannan adalci ne, amma kafin a kai can kuɗin lauya ya ci ribar.

Wanda bai iya karatu ba, doka ba ta manta da shi ba. Wajibi ne wanda ya rubuta masa takardar ya sa sunansa da adireshinsa, a kuma karanta wa mutumin, a fassara masa, kafin ya dangwala yatsa.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka kada kunyar ɗan'uwa ta hana ka. Ka sa a rubuta adadi, da mudu, da rana, da abin da za a yi in wani ya saɓa, ka kuma karɓi kwafinka kafin ka tashi daga wurin.