Hasken Dare da Baƙin Ciki: Darasi Daga Ɓeraye

A shekarar 2012, masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Samer Hattar, suka rikita wa wasu ɓeraye dare da rana. A kunna musu fitila awa uku da rabi, a kashe awa uku da rabi, haka dai ba ƙaƙƙautawa. Barcin ɓerayen bai ragu ba, amma suka daina zumuɗin ruwan sukari, koyo ya yi musu wuya, sinadarin damuwa ya hau a jininsu. Waɗanda aka cire wa wasu ƙwayoyin ido na musamman, masu kai wa ƙwaƙwalwa labarin haske, ko gezau ba su yi ba.

Wato ba yawan barci ne kaɗai abin dubawa ba. Lokacin da haske ke shiga ido shi ma yana da ta cewa.

A can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin gani suke gittawa, akwai wani ɗan curi mai ƙwayoyi kusan 20,000. Shi ne babban agogon jiki. Ƙwayoyin gado ne ke juya shi: Clock da Bmal1 su tayar da Per da Cry, furotin ɗin waɗannan ya taru har ya danne masu tayar da shi, daga bisani ya narke, a sake sabon zagaye. Kowane zagaye na cin kusan awa 24. Binciken wannan tsari a jikin ƙudan 'ya'yan itace ne ya ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017.

Hasken safiya ke saita agogon, na tsakar dare kuwa ya tayar da Per ba a kan lokaci ba. In agogon ya lalace, hali ma yakan taɓu. A 2007, Colleen McClung da abokan aikinta sun nuna cewa ɓerayen da Clock ɗinsu ya samu tawaya ba sa iya zama wuri ɗaya, barcinsu kaɗan ne, ga ganganci. Da aka ba su maganin litiyam, sai suka lafa.

Ɓera da dare yake harkarsa, mutum da rana, amma ƙwayoyin gadon nan iri ɗaya ne a jikinsu. Shi ya sa darasin ya shafi ma'aikaciyar jinya da mai gadi da direban dare, da matashin da ke kwana yana latsa waya.

Mafitar ba ta da tsada. Mutum ya tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, har ranakun hutu. Da hantsi ya fita ya sha hasken rana. Awa guda kafin barci ya ajiye waya, ya rage farin ƙwan lantarki, domin ƙwayoyin idon nan sun fi jin haske mai shuɗi-shuɗi. Ya kuma tabbatar makunnin fitila a kashe yake, kada wuta ta dawo tsakar dare ta haske ɗaki. Mai aikin dare ya sa labule mai kauri in zai yi barcin rana.

Wanda baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka bi shi har mako biyu, kada ya tsaya ga gyaran fitila kawai. Ya garzaya asibiti ya ga likita.