Almajiri Da Mai Koyon Aikin Akanta

Wanda ya zaga cikin birnin Daura bayan sallar isha'i ba zai rasa jin muryoyin almajirai ba, suna ta karatu a zaurukan malamai, kowa da allonsa bisa cinya. In ya ƙara gaba kaɗan, mai yiwuwa ne ya hangi wani ɗaki da fitila, ga saurayi ko budurwa a zaune, an tasa manyan littattafai gaba, ana shirin jarrabawar aikin akanta. Mai wucewa zai ce babu abin da ya haɗa waɗannan masu karatu biyu. Amma kuwa akwai. Dukansu abu guda su ke fama da shi, watau mantuwa, kuma dukansu makami guda suka riƙa, watau alƙalami.

Akanta shi ne wanda ya ƙware wajen tsare lissafin kuɗi. Shi ke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ya faɗi ko an ci riba ko an faɗi, ya kuma bincika ko wani abu ya salwanta. Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Daura. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko aka fara ajiye kuɗin En'e a Baitulmali, sa'an nan abin ya bazu zuwa sauran ƙasashen sarakuna. Sarkin Daura Abdurrahman ya yi sarauta tun daga 1911 har 1966. A zamaninsa dagatai da hakimai ke tattara haraji da jangali, a kai Baitulmali, Ma'aji da akawunansa su ƙirga, su ba da rasit, su shigar a littafi. Daga cikin kuɗin nan a ke biyan alƙalai da dogarai da malaman makaranta. Lissafin kuwa na fam da sule da kwabo ne: kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam. Sai a 1973 aka koma naira da kwabo. Akawun da ya ɓatar da sule guda a cikin littafinsa, ranar nan ba ya tashi aiki da wuri, don kuwa dukiyar jama'a ce, ba tasa ba.

Yau wanda ke son a kira shi ƙwararren akanta sai ya ci jarrabawa. A 1965 aka yi dokar da ta kafa ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Nijeriya, wadda a ke kira ICAN. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta shi ne Akintola Williams, wanda ya ci irin wannan jarrabawa a Ingila a 1949. Akwai kuma wata ƙungiya, ANAN, wadda ke da makarantarta kusa da Jos. Jarrabawar hawa hawa ce, sai an haye wannan a taka na gaba. Ana tambaya a kan tsare littattafan kuɗi, da dokokin haraji, da dokokin ciniki, da aikin odita, watau mai binciken lissafin da wani ya yi. Kuɗi a ke biya kafin a zauna ta. Wanda ya faɗi ya yi hasarar kuɗinsa da watanninsa, kuma da yawa daga cikin masu zamanta ma'aikata ne masu iyali, ba su da lokacin karatu sai dare.

To, shin mai irin wannan karatu, ya kamata ya riƙa ɓata daren nasa wajen rubuta abin da ya karanta, abin nan da 'yan makaranta ke kira not? Ko kuwa ya yi ta karatu kawai, tun da ya ke ga kome nan a buge cikin littafi?

A ce ga samari biyu, ɗaya a Daura, ɗaya a Zango, suna shirin jarrabawa guda. Na Daura ya sayi babban littafin rubutu, ya buɗe littafin karatu, ya shiga kwafa baƙi da baƙi, ba ya tsallake ko da ɗigo. Rubutunsa kyakkyawa, ya ja layi da jar tawada. Bayan wata uku ya cika littattafai huɗu, kowa ya gani sai ya ce, "Kai, yaron nan yana da ƙoƙari!" Shi kuwa na Zango, sai ya karanta babi guda, ya kife littafin, ya ɗauki 'yar takarda ya rubuta abin da ya gane da maganarsa ta kansa, wani wuri da Turanci, wani wuri da Hausa. Sa'an nan ya buɗe ya duba inda ya kuskure, ya gyara. Babin da ya ci shafi ashirin, shi a shafi guda ya tara shi.

Dukansu sun yi rubutu, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Hannun na Daura ya gaji, kansa kuwa hutawa ya yi, gama mutum yana iya kwafar shafi sukutum alhali zuciyarsa tana kasuwa. Na Zango ba shi da halin yin haka. Ba shi yiwuwa a taƙaita shafi ashirin sai an san wanne ne gindin magana, wanne ne reshe. Kuma duk inda alƙalaminsa ya cije, ya san nan ne bai gane ba, tun da sauran kwanaki, ba sai ya shiga ɗakin jarrabawa ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Masana sun daɗe suna binciken al'amarin mantuwa. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya yi ta haddace 'yan gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana gwada kansa bayan sa'a guda, da bayan kwana guda, da bayan wata guda. A 1885 ya buga abin da ya gano: yawancin abin da mutum zai manta, a sa'o'in farko ya ke zubewa, daga nan sai mantuwar ta rage sauri. A 2006 kuma waɗansu malamai biyu na wata jami'a a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai labari su karanta. Waɗansu aka ce su yi ta maimaita karatun, waɗansu kuwa aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da su ke iya tunawa. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa suka fi. Amma da aka gwada bayan mako guda, sai masu rubutawa da ka suka wuce su. Abin mamaki, masu maimaitawar nan su ne suka fi sakankancewa ba za su manta ba.

Malaman allo ba su jira Bajamushe ba. A duba yadda almajiri ke yi. Ya rubuta karatunsa da hannunsa, malam ya biya masa, ya koma gefe ya yi ta nanatawa. In ya ga ya zauna, sai ya zo gaban malam ya kawo shi da ka. Sai malam ya yarda sa'an nan a ce ya je ya wanke allon. Bayan an wanke ma ba a rabu da karatun ba, ana komawa tilawa, don kada na baya ya gudu. Watau shi rubutun allo ba don a ajiye a ke yinsa ba, don a kai shi ka ne. Mai littafin not da ya cika shi ya jefa ƙarƙashin katifa, bai sake dubawa ba sai daren jarrabawa, ya yi rabin aikin almajiri ne kurum, ya bar rabin da ya fi wuya.

Me ya cancanci shiga 'yar takardar mai koyon akanta? Ga misali, wanda ko yaron firamare zai iya bi. Akantoci suna da wata ƙa'ida wadda wani Ba'italiye, Luca Pacioli, ya bayyana cikin littafin da aka buga a birnin Fenis a 1494. Ƙa'idar ita ce, kowane ciniki sau biyu a ke rubuta shi, sau ɗaya a gefen hagu, sau ɗaya a gefen dama. In falke ya sayi gero na naira 54,000 a kasuwar Mai'adua, sai a rubuta 54,000 a hagun shafin gero, don gero ya shigo, a kuma rubuta 54,000 a daman shafin kuɗi, don kuɗi sun fita. In wata ya ƙare aka tara dukan na hagu, aka tara dukan na dama, dole su zo daidai. In ba su zo ba, akwai kuskure.

To, a ce akawu yana gyangyaɗi, ya rubuta 45,000 a gefe guda maimakon 54,000. Za a sami bambancin 9,000. Duk sa'ad da aka juya lambobi biyu haka, bambancin yana rabuwa da tara ba saura. A gwada a gani: 72 a ɗebe 27, saura 45, watau tara biyar ke nan. In kuwa kuɗin hayar rumfa ne na naira 3,000 aka rubuta a dama alhali hagu ne wurinsa, bambancin zai zama 6,000, ninki biyu. Sabo da haka gwanin akanta, in lissafi ya ƙi, kafin ya bi shafi shafi sai ya fara raba bambancin da tara, ya kuma raba shi da biyu, ko ya dace. Wannan duka layi biyu ya ishe shi a takarda. Wanda ya taɓa kwana yana neman naira 9,000, ya gano su ta wannan hanya, ya rubuta da hannunsa, da wuya ya sake mantawa.

Amma akwai inda not ba ya kai mutum. Aikin akanta kamar saƙa ya ke ko dukanci, ba a iya shi da jin bayani. A ɗakin jarrabawa lissafi za a ba mutum ya warware, agogo yana tafiya. Don haka rabo mafi tsoka na daren mai karatu ya kamata ya tafi wajen warware tambayoyin shekarun da suka wuce, 'yar takardar kuwa ta zama wurin tara kurakuransa, ya riƙa dubawa bayan kwana guda, da bayan mako guda.

Akwai kuma haɗarin aro. Sau da yawa yaro kan karɓi littafin not na wansa, ya ce ya huta. Amma dokokin haraji suna sakewa. Harajin nan da a ke ɗorawa bisa kayan saye, wanda a ke kira VAT, biyar bisa ɗari ne a Nijeriya har zuwa farkon 2020, sa'an nan aka mai da shi bakwai da rabi. Wanda ya haddace tsohon littafin wansa zai yi lissafinsa tsaf, ya fito da amsar da ba ita ba ce. Zanen aro ba ya rufe katara.

Yaron da ke aji biyar ko shida da sauransa kafin ya kai ga wannan jarrabawa, amma yana iya gwada hanyar tun yau. Wani mai kanti ya sayi sabulu na naira 720, da ashana ta naira 150, da sukari na naira 2,400. Da ya tara gefen hagu ya sami 3,270, da ya tara na dama ya sami 2,820. Sai a nemo bambancin, a raba shi da tara, a faɗi wane ciniki ne aka juya lambobinsa, da abin da aka rubuta a maimakonsa. In an gama, a rufe littafin nan, kowa ya rubuta ƙa'idar tara da maganarsa ta kansa, gobe da safe ya kawo wa malam ita da ka.